Shafi 43 na rubuta, a shafi na 2 suka kashe mini labari

Rubutun yau dogo ne, wanda ke sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Tun ranar da na sa hoton teburinmu na Asabar a nan, saƙonni ke shigo mini. Wasu na tambaya ko caca muka koma yi, wasu na cewa wane irin lido ne wannan da ba shi da allo. Amma saƙon da ya sa na zauna yin rubutun nan na wani ƙaninmu ne ɗan aji uku, wanda ke son fara irin wasan a hostel ɗinsu. Ya ce mini: "Yaya, sati nawa kake ɗauka kana shirya labari kafin ku zauna?" Na ce masa awa ɗaya, in ta yi yawa ɗaya da rabi, a takarda ɗaya gaba da baya. Ya ɗauka rowar sani nake masa. To ga cikakkiyar amsar, don kuwa sai da na kusa rasa aboki kafin na same ta.

Bari in fara da waɗanda ba su san wasan ba. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki matsayin wani mutum a cikin labari: wannan maharbi, wancan falke, wancan almajiri mai yawon neman ilimi. Mutum ɗaya kuma shi ke riƙe da duniyar gaba ɗaya. Shi zai faɗi inda ake, abin da ake gani, da yadda mutanen gari suka amsa. A teburinmu madugu muke ce masa. Madugu zai ce, "Kun iso bakin kogi, magariba ta kawo jiki, mai fito ya ce ba zai tsallaka da ku ba." Kai kuma ka faɗi abin da mutuminka zai yi. In abin yana da haɗari, sai ka jefa dayis mai fuska 20, a haɗa da makin ƙwarewar mutuminka, a ga ko ya kai adadin da madugu ya yanka. Ba a sa ko sisi, ba wanda ya ci wani, kuma da an kira salla ake ajiye komai. Wannan ita ce amsar masu tambayar caca.

Wanda ya fi suna a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Bugu na biyar ya fito a 2014, kuma kamfanin ya saki ƙa'idojin farko kyauta a intanet. Da su muka koya lokacin dogon yajin aikin jami'o'i na 2022, wata takwas muna zaune a Agege ba aikin fari ba na baƙi. Dodannin Turawa ba su daɗe a teburinmu ba. Muka ga muna da namu kayan: ayarin fatake, zango, ganuwar birni, dajin da ake tsoron ratsawa. Ballantana mu da muka tashi a unguwar da cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka tara kakanninmu.

Yanzu ga abin da ya faru bara.

Na ɗauri aniyar shirya labarin da ba a taɓa yin irinsa ba. Ayari ne zai tashi daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya dawo da goro. Sati uku ina rubutu. Na zana hanya zango-zango, daga Kano a tsallaka Kwara, a ratsa ƙasar Borgu, har kasuwar Salaga. Na rubuta tarihin kowane gari, na rubuta jawabin da kowane sarki zai yi kalma da kalma. Babban sirrin labarin shi ne wani attajirin falke a cikin ayarin yana haɗa baki da 'yan fashi, kuma na tsara asirinsa ba zai tonu ba sai a zama na shida, a bakin kogi, cikin ruwan sama. Har abin da zai faɗa yana dariyar mugunta na rubuta. Shafi 43 cif.

Zama na farko, ko minti arba'in ba a yi ba, ina kwatanta kayan attajirin nan sai na ce jakunansa na nishi fiye da na kowa. Ado kawai na yi wa magana. Ɗaya daga cikinmu, wanda mahaifinsa ɗan kasuwar goro ne kuma ya tashi yana ganin ana ɗaure kaya ana kwancewa, ya ɗago kai ya ce: "Tsaya madugu. Kaya iri ɗaya muka ɗauko, me ya sa nasa suka fi nauyi? In dare ya yi zan laluba." Ya jefa dayis, 20 ta fito. A ƙarƙashin kanwar takubba ne, haka na rubuta da hannuna. Kafin asuba sun ɗaure attajiri a gindin tsamiya, suna shawarar ko su miƙa shi ga sarkin zango ko su yi amfani da shi su yi wa 'yan fashin tarko.

Duk madugun kirki murna zai yi a nan. Mutane biyar sun manta da wayoyinsu, suna gardama da ƙarfi a kan abin da ya kamata a yi. Ni kuwa abin da nake gani shafi 41 ne suna ƙonewa. Sai na fara maguɗi. Igiya ta tsinke, attajiri ya gudu. Suka bi sawu, na ce ruwa ya shafe. Suka ce za su canza hanya, na ce gada ta karye, wata hanyar kuma yaƙi ake yi. Duk ƙofar da suka taɓa sai in ce a kulle take, ban da wadda ke kaiwa shafi na gaba.

A ƙarshen zama na uku, abokina da ke tasowa tun daga Mile 12 duk Asabar, mota biyu zuwa mota biyu komawa, ya tsaya yana sa takalmi ya ce: "Malam, in littafi ka rubuta, ka turo mana ta WhatsApp mu karanta a gida. Kuɗin motarmu ya huta." Bai ɗaga murya ba. Wata biyu bai sake zuwa ba.

Abin ya yi mini ciwo, kuma kamar yadda aka saba, sai na faɗa ɗaya ramin. Na ce ai shiri ne matsalar, daga yau ba ni ba shi. Na zo zama hannu rabbana, ko biro ban riƙo ba. Wallahi wannan ya fi na farko muni. Mutum huɗu suka haɗu da su a gari ɗaya, duk Audu na sa musu, don shi ne sunan da ke fara zuwa bakina. Na ce garin ba ruwa kusa, bayan rabin awa na sa su a kwalekwale. Aka fara faɗa, na ɓata minti goma ina laluben ƙa'ida a waya. Da na ɗago, biyu sun koma kallon ƙwallo, ɗaya ya sauka wajen mai shayi. Ba wanda ya yi mini gori, amma kowa ya san an ɓata masa yamma. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na fahimta bayan faɗuwa biyun nan shi ne, tambayar "awa nawa" ta biyu ce. Ta farko ita ce me kake shiryawa. In abin da zai faru kake rubutawa, ko shafi ɗaya ya yi yawa, domin abin da zai faru ba naka ba ne kai kaɗai, na mutum shida ne da dayis. In kuwa halin da ake ciki kake shiryawa, wato su wane ne a wurin, me kowa ke nema, me zai biyo baya in ba a tsoma baki ba, to wannan shiri ba ya asara duk inda 'yan wasa suka juya.

Ku dubi madugun gaske na zamanin fatauci. Ya san zangon da ke gaba, ya san inda rijiya take, ya san sarkin da ke karɓar kuɗin hanya da wanda ake bi da lallami, ya san watan da kogi ke cika. Amma bai isa ya rubuta abin da zai faru ranar Laraba ba. Jaki zai iya karyewa, labarin 'yan fashi zai iya zuwa, farashi zai iya juyawa. Saninsa na hanya ne ke sa ya yanke shawara nan take ba tare da ya rikice ba.

Ko ku tuna kakanninmu da tatsuniya. Ba wadda ta taɓa riƙe takarda tana gatanan gatananku. Abin da ta riƙe shi ne halin kowa: Gizo makwaɗaici ne mai wayo, kura ga haɗama ga tsoro, zaki ga ƙarfi ga saurin yarda. Ka jefa Gizo a kowane hali, ta san abin da zai yi. Bambancin kawai, a tatsuniya naka sauraro ne har a kai ƙurunƙus. A namu wasan masu sauraron ne ke riƙe da Gizo, kuma ba su yi maka alkawarin bin hanyar da ka sani ba.

Ba ni na fara gano wannan ba, don kada a ce na yi satar fasaha. Wani marubuci Ba'amurke, Michael Shea, ya fitar da littafi a 2018 mai suna Return of the Lazy Dungeon Master, inda ya taƙaita shirin zama zuwa matakai takwas, ciki har da buɗewa mai ƙarfi da jerin sirrika kamar goma da ba a ɗaure su da wuri ɗaya ba. Wasan Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, ya hana mai jan wasa tsara yadda labari zai kaya tun kafin a zauna. Barazana kawai zai shirya, da matakan da za ta bi tana ƙaruwa. Na ɗauki abin da ya dace da mu, na bar saura.

Ga abin da ke cikin takardata ta kowace Asabar:

1. Buɗewa. Layi uku na abin da zai faru a minti biyar na farko, kuma ya zama abin da dole a ɗauki mataki a kansa. Gobara a rumfar kanwa, ko ɗan aike ya iso jina-jina. Mutanen da suka sha cunkoson Legas kafin su iso ba sa buƙatar tarihin masarauta, suna buƙatar abin da zai farkar da su.

2. Mutum uku ko huɗu. Kowanne layi uku: abin da yake so, abin da yake tsoro, da abin da zai yi in ba a tare shi ba. Sai wata alama ɗaya da za a tuna shi da ita, kamar mai fiton da ba ya kallon mutum a ido.

3. Wuri uku. Kowanne da abu biyu ko uku da ido ko hanci ko kunne zai kama. Warin jima a bakin kasuwa ya fi shafi guda na bayani aiki.

4. Sirrika takwas zuwa goma, kowanne jimla ɗaya. Ba na rubuta inda za a same su. In sun tambayi mai fura, a bakinta za su ji. In sun fasa akwati, a ciki za su gani.

5. Sunaye ashirin, maza da mata, Hausawa da Yarbawa da Nufawa da Barebari, don kada Audu ya sake cika gari.

6. Lissafin faɗa. Lambobin abokan gaba biyu ko uku a rubuce, don kada a tsaya ana jirana.

7. Abu ɗaya na kowane ɗan wasa. Wanda ya ce mutuminsa na neman ƙanwarsa da aka sace, to yau zai ga awarwaronta a hannun wata a kasuwa.

Abin da ba ya shiga takardar: ƙarshen labari, jawabin kowa, da tarihin shekara ɗari biyar da ba wanda ya tambaya. Sannan akwai dabara ɗaya da ta fi duk waɗannan rage mini aiki. Kafin a tashi, ina tambayarsu: "Sati mai zuwa ina kuka nufa?" Su yanke a gabana. Hanya ɗaya zan shirya maimakon biyar. Ma'aunina kuma shi ne kada shiri ya wuce rabin lokacin wasa. Muna zama daga bayan la'asar zuwa isha'i, in an cire salla awa uku ne, don haka awa ɗaya da rabi ce iyakata.

Na san akwai masu ja, kuma wasu suna da gaskiya.

Na farko zai ce labarin bincike fa, irin na wa ya kashe wane? Na yarda, wannan yana son ƙarin shiri. Dole ka san gaskiyar abin da ya faru tun farko, ka riƙe ta, in ba haka ba zaluntar masu bincike kake yi. Justin Alexander yana da shawarar da ta shahara a kan wannan: duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka tanadi alamu uku da ke kaiwa gare shi, don za su iya wuce ta farko, su yi wa ta biyu gurguwar fahimta. Amma ka lura, abin da ya riga ya faru kake shiryawa. Yadda za su gano shi, da abin da za su yi da mai laifin, nasu ne.

Na biyu zai ce ni sabo ne, in ban rubuta komai ba zan daskare. Wannan ma gaskiya ne, kuma ƙanina mai tambaya, da kai nake. Zamanka uku na farko ka ɗauki awa biyu ko uku, ba laifi. Ka karanta ƙa'idoji da kyau sau ɗaya, wannan karatu ne da ba za ka maimaita ba. Ka fara da ƙaramin wuri: zango ɗaya, matsala ɗaya, dare ɗaya. In suka yi abin da ba ka zata ba, ka ce, "Ku ba ni minti biyar," ka sha ruwa ka yi tunani. Ba wanda zai raina ka. Abin da ba sa yafewa shi ne su gane zaɓinsu ba ya canza komai.

Na uku zai ce ni fa daɗin gina duniyar nake ji, ina ruwanka? Ba ruwana, Allah Ya ƙara basira. Amma ka kira abin da sunansa: rubutu kake yi. Gasar rubutu ta 1933 ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma har gobe ana neman masu irin wannan hannu. Ka rubuta littafinka, za mu saya. Kada dai ka tara mutane ka mai da su 'yan amshin shata a labarin da ka riga ka gama.

Na huɗu zai nuna mini Critical Role, shirin da Matthew Mercer ya fara jan wasa a cikinsa a 2015, da taswirori da muryoyi kala-kala. Mutanen nan ƙwararrun masu aron murya ne, kuma abin ya zama sana'arsu. Kai kana da jarrabawa, kana da kundi, wataƙila kana da shago. Wanda ya auna zaman ɗakinsa da nasu, ko dai ya kashe kansa da shiri ko ya fasa farawa.

Saura abin da ban so faɗa ba. Sati ukun da na yi ina rubuta shafi 43, su ne sati ukun da ya kamata in miƙa babi na biyu na kundina. Ba son abokaina ne ya sa na yi wannan uban rubutu ba. Gudun aikin da nake tsoro nake yi, na fake da aikin da ba wanda zai ja masa jan biro. Na san ba ni kaɗai ba ne. Akwai mai tara takardu ɗari a kwamfuta bai rubuta sakin layi ɗaya ba, yana cewa bai gama shiri ba. Akwai wanda zai haddace jawabin semina kalma da kalma, malami ya jefo tambaya ɗaya daga gefe, ya tsaya kamar an dasa shi. Akwai kuma gwanin baki da zai shigo ba shiri, ya yi minti goma yana kewaye-kewaye. Duk na taɓa zama su. Wanda ke tsira a zauren semina shi ne wanda ya san kayansa har zai iya amsa tambayar da bai zata ba, kuma abin da teburin Asabar ke nema ke nan.

Abokina na Mile 12 ya dawo, bayan na kira shi na ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Muka koma daren da suka ɗaure attajiri, na ce igiya ba ta tsinke ba, ku ci gaba. Suka yi wa 'yan fashin tarko, tarkon ya watse, suka rasa rabin jakunansu, ɗaya ya ƙare da auren 'yar sarkin zango don a biya bashi. Ko layi ɗaya na wannan babu a shafi 43 ɗina, kuma har yau in mun haɗu wajen mai shayi, ana yanka burodi ana maimaita labarin. Babi na biyu ma na miƙa, an dawo mini da shi ja-wur, na gyara.

Don haka ƙanina, ka sayi takarda ɗaya, ka ba ta awa ɗaya, ka tara mutanenka. Masu jan wasa da ke nan kuma, na san akwai ku a Zariya da Kano, ku faɗa mana naku ma'aunin. Wanda ke ganin awa ɗaya ganganci ne, bismillah, ina sauraro. Wanda ke kusa da Agege kuma yana son gani da idonsa, akwai kujera ɗaya ranar Asabar bayan la'asar. Ka zo da biro, dayis muna da shi.